Ranar da na kai wa Inna labari a Jiratawa

Kai nake rubuta wa wannan, kai na fari, ko da yake ƙannenka ma za su karanta in Allah ya raya su. Jikina ya yi nauyi, watan sauka ya matso, kuma macen da ta durƙusa ba ta da tabbacin tashi. Karatuna kaɗan ne, a lakwal, makarantar boko, ban yi nisa ba, in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri da shi. Abin da ya sa na ɗauki bik ina rubutu shi ne, na san wata rana wani daga dangin babanka zai ce maka uwarka da silima ta raba ka da kakarka. Ba duka ba ne ƙarya. Amma gara ka ji yadda aka yi daga wadda ta yi.

Da aka yaye ka, Inna, mahaifiyar babanka, ta zo gidanmu na unguwar Zariya a nan Maradi ta goya ka ta tafi da kai Jiratawa. Haka muka tarar ana yi. Ɗan fari ba na uwarsa ba ne: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci ko bai ci ba. Ranar da aka fita da kai ina tsakar gida ina tankaɗe, ban ɗaga kai ba, matan gidan suka yaba suka ce Rakiya akwai kunya. Garin da na tankaɗe ranar sau nawa na maimaita shi, Allah kaɗai ya sani. Ka tashi a can kana kiran Inna da Inna, ni kuma in na je kana ce mini Rakiya, kamar yadda ka ji kowa yana faɗi.

Gidan Inna yana bakin gonakin rani, kuma kanal ɗin da ke kai ruwa cikin zogala ta bayan dangarta ya bi. Na siminti ne, gefensa duk gansakuka. In ba a tada injin ban ruwa ba, ɗan ruwa ne kwance, tsaki ma zai tsallake. In an tada shi kuwa, ruwan yakan zo da gudu yana kumfa. Wata rana mun je suna a maƙwabtan Inna, ina goye da ƙanwarka Nana, muna zaune da mata a inuwa bayan azahar, sai aka tada injin. Yara suka ruga bakin kanal. Na hango ka cikinsu, takalminka ɗaya ya faɗa ruwa, kana bin sa a guje a kan bakin simintin, kana sunkuyawa kana miƙa hannu. Na miƙe tsaye. Na buɗe baki, sunanka ya zo har maƙoshi ya tsaya. Abin da ya fito shi ne, “Kai! Kai yaro!” Yara sun fi a ƙirga a wurin, kowanensu yaro ne, ba wanda ya waiwayo. Wata mai tuyar awara ce ta kwaɗa maka kira da sunanka, ka juyo, ka dawo da ƙafa ɗaya ba takalmi. Mata suka yi dariya suka koma hirarsu.

Ni ba kai na tsaya kallo ba bayan nan. Inna na kalla. Fuskarta tana fuskantar kanal sosai, tana murmushi, ba ta ko motsa ba. Da yamma tana zuba mana fura, na ga ludayin ya kauce wa bakin kwano, furar ta zuba ƙasa, ta yi maza ta take da ƙafa. A nan na gane Inna ba ta gani nesa, na kusa ma ya fara gagararta, kuma ba wanda ya sani.

Na dawo Maradi da wannan a cikina. Wa zan gaya wa? In na ce a dawo mini da kai, na zama marar kunya mai neman ɗan fari. In na ce idon Inna ya mutu, na tona asirin uwar miji. Sai abin ya koma mini wani iri. Duk ruwan da na gani a buɗe sai na zubar da shi. Bahon wanki, bokiti, har kaskon kaji, in na wuce sai na kife. Maƙwabciyata ta ajiye ruwan wanke-wanke ta shiga ɗaki ta fito ta tarar da bahon a kife, ta ce, “Rakiya, ko dai masu ruwa ne sunka taɓa ki?” In na ji ƙarar moto ta tsaya ƙofar gida sai in ce ga ɗan aike daga Jiratawa.

Kitso nake yi a lokacin, kuma bakina ba ya zama in hannuna yana aiki. Nakan kwaikwayi mutanen unguwa, yadda mai kayan miya ke rantsuwa, yadda matar wani Alhaji ke gyara mayafi don a ga zobe. Cikin masu zuwa akwai Madam Balkisa, wata doguwa mai yin gajerun fina-finai da ake nunawa a tele, ana kuma turawa a salula. Ranar da na sa ta dariya har kitso ya kwance, ta ce tana tara mata tana koya musu yadda ake gina labarin fim da yadda ake tallarsa ga masu kuɗin ɗauka, in zo. Na ce ban yi karatu ba. Ta ce, “Masu karatun ina da su, sun ishe ni. Ki zo da idonki.” Babanka ya bari, don a ganinsa hira ce ta mata.

Madam tana da wata hanya ta koyarwa mai tsinka zuciya. Takan rataya jakarta ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin da muke zama, ƙafa ɗaya a waje, ta ce ita mai kuɗi ce, kabu-kabu yana jiranta, ki faɗi labarinki. In ya riƙe ta, ta tsaya. In bai riƙe ta ba, ta fice tana tafiya, ki bi bayanta da ido kowa yana kallonki. Ni labaran da na fara kawowa duk na aro ne, irin waɗanda na gani a tele: attajiri da maciji a ɗaki, aljana ta auri direba. Ban taɓa kai tsakiya ba ta fice. Wata rana har titi ta kai ta sayo gyaɗa ta dawo tana ci.

“Tambaya uku nike yi muku kullum,” in ji ta. “Wa ke son abu? Mi yake so? Mi ya hana shi? Macijinki mi yake so, Rakiya?”

Na ce ban sani ba.

“To ni ma ban sani ba, shi ya sa na tahi sayen gyaɗa.”

Ta kuma hana mu cewa wance ta ji tsoro, ko wance tana baƙin ciki. Ta ce kamara ba ta da hanyar shiga zuciya, sai abin da hannu ya yi ko ƙafa ta yi. “Mi ido zai gani?” Wannan tambayar har a barci nakan ji ta.

Rannan an ajiye bokitin ruwan sha a bakin ƙofa, ɗiyar wata daga cikinmu tana rarrafe can nesa da shi. Ban san na tashi ba, sai ji na yi ruwa yana bin ƙafata, bokitin a kife a hannuna. Madam ba ta yi faɗa ba. Ta rataya jaka ta je bakin ƙofa ta tsaya cikin laimar.

“Matar da ke kife ruwa. Ba ni labarinta.”

Na ce: wata mata ce a birni, duk ruwan da ta gani sai ta kife, alhali ɗan da take tsoron ya faɗa ba ya gidan, yana ƙauye bakin kanal wurin kakarsa. Kakar ba ta gani, ta ɓoye. Uwar ta sani, amma al’ada ta hana ta ko kiran sunansa, balle ta ce a ba ta shi. Da na ɗaga kai, Madam ta sauke jakar ta zauna.

Daga ranar muka shiga gyara shi, kuma gyaran ya fi faɗin farko wuya. Na sa tsohuwar muguwa, mai harara, mai hana yaro abinci. Madam ta ce ƙarya ce, kuma mai kallo yana jin warin ƙarya. “Tsohuwar mi take so? Mi ya sa ta riƙe shi har ta ɓoye makantarta?” Na ce don mugunta. Ta ɗauki jaka. Na ce don al’ada. Ta sa ƙafa waje. Na ce ban sani ba. Ta ce, “Yawwa, wannan ce gaskiyar farko. Bar ramin a buɗe.” Ƙarshe ma ba ni da shi. Na gwada yaron ya faɗa ruwa, bakina ya ƙi ƙarasawa.

Da lokacin kai labarai gaban masu kuɗin da za su zaɓa ya matso, Madam ta ce nawa yana cikin waɗanda za a kai. Sai ta faɗi sharaɗinta, wanda ba ta ɗaga wa kowa: labarin da ya taɓa mai rai, shi za a fara faɗa wa, ido da ido, kafin baƙo ya ji.

“Ai na sake sunaye, Madam.”

“Kin sake sunaye, kin sake kanal? Ranar da aka nuna shi, duk Jiratawa za su ce ga wance. Kin fi so ta ji a salular jikokin maƙwabta?”

Na gaya wa babanka da safe yana ɗaure kaya a moto zai tafi shagon Alhajin da yake yi wa aiki. Ban ambaci idon Inna ba, na ce dai labari ne na yaro da kaka da kanal. Ya daɗe yana jan igiyar da ta riga ta ɗauru.

“Uwata za ki zamna ki yi ma tatsuniya?”

Ya saki igiyar ya dube ni.

“Ki ji da kyau. In ranta ya ɓaci, ni ba ni da bakin magana, kin san tsakanina da ita. Tsibiri za ta aika da shi wurin ƙanenta, ki riƙa ganinsa daga Salla sai Salla, in an ga dama. In kin bari, ko ba komi kina zuwa kina ganinsa.”

Ka ga inda na tsaya. In na yi shiru, kana bakin ruwa da mai tsaron da ba ta gani. In na yi magana, ana iya kai ka inda ko hango ka ba zan yi ba. Kwanakin nan ko tuwo na sa a baki sai ya zama kamar ƙasa. Abin da ya tura ni a ƙarshe ba ƙarfin hali ba ne. Lokacin shuka alkama ya zo, kuma na san a lokacin injin ba ya hutawa.

Muka tafi da Madam da hantsi. Muka tarar da Inna a gindin bishiyar bedi tana zage zogala cikin faifai, kai kuma kana can bakin danga kana tura gwangwani. A idon ƙafarka na ga an ɗaura wani zare da ’yan ƙararrawa irin na akuya, duk inda ka taka sai su yi ƙara. Da can babu su. Na durƙusa na gaishe ta, na gabatar da Madam. Inna ta juya fuska wajen muryar.

“Ke ce mai sa matan mutane cikin akwati?”

“Ni ce, Inna.”

“Allah shi shirya. Zamna, ga tabarma nan wani wuri.”

Na ce, “Inna, labari na kawo miki. An ce sai kin ji kafin kowa.”

“Tatsuniya da rana tsaka? To, in uwarki ta ɓace a kasuwa ba ruwana.” Ta ci gaba da zage ganye. “Ina ji.”

Na fara yadda aka koya mini, da abin da ido zai gani. Mata a birni tana kife baho. Taron suna. An tada inji. Takalmi a ruwa. Da na kai inda uwar ta miƙe ta ce kai yaro, Inna ta katse ni.

“Yaron ba shi da suna?”

“Shina da shi.”

“Miye?”

Na sunkuyar da kai. Ta yi ’yar dariya ta hanci. “To, ashe da sauran kunya a Maradi. Ci gaba.”

Nan ne wurin da na fi tsoro. Na ce: da yamma tsohuwar tana zuba fura, sai ludayin ya kauce wa kwano, ta take da ƙafa don kada a gani.

Hannun Inna ya tsaya a kan reshen zogala. Ba abin da ake ji sai ƙararrawarka can bakin danga. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. A raina na ce shi ke nan, Tsibiri.

“Wa ya gaya miki?”

“Ba kowa, Inna. Gani na yi.”

“Kin gaya ma wancan?” Babanka take nufi. Shi ne nata na fari, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba.

“A’a.”

Ta saki reshen cikin faifai. Sannan ta ce, “To tsohuwar taki, mi ya sa ta riƙe yaron? Mayya ce?”

“Nan ne ban sani ba, Inna. Rami ne a labarin.”

Ta ajiye faifan. Ba ni ta fuskanta ba, Madam ta fuskanta, kamar ciniki suke.

“Ke mai akwati, sa wannan a ramin. Tsohuwar nan ita ma ta taɓa yaye ɗa. Anka goya shi anka kai Tsibiri, tana daka ba ta ɗaga kai ba. Ta tahi biki can bayan shekaru, ya kawo mata ruwa ya ce ga shi baƙuwa. Ta sha ta ce Allah shi yi albarka. Ta haifi wasu, amma wancan wurin bai cike ba. Anka ce mata ki yi haƙuri, naki na zuwa, ranar da ɗanki ya haihu za a kawo miki. Ta jira har gashinta ya yi fari. Da anka kawo mata, ta tsaya tsakar gida ta kira sunansa da ƙarfi, ba don tana son ya zo ba, don dai ta ji yadda abin yake a baki. To yanzu ido ya tahi. In ta faɗa, a ɗauke shi. Ita kuma sai ta jira wa?”

Ni kuwa hawaye ne ke sauka kan gwiwata, ina ta addu’a kada ta ji shi a numfashina.

“Ƙarshen fa?” in ji Inna.

“Ba ni da shi.”

“To ku tashi ku tahi, rana na yi.”

Ba ta sa mana albarka ba, ba ta ba mu zogalar da ta saba ba ni ba. Da zan fita na wuce ta gabanka, ka ce, “Rakiya, ina tsarabata?” Na ba ka alewa ban dube ka ba.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi tsawon zaman da na taɓa yi. Ba aike, ba labari. Babanka ya daina cin abinci a gida. Na ce wa Madam ta cire labarina daga waɗanda za a kai, ta cire ba ta yi musu ba. Kullum ina jiran a ce an wuce da kai Tsibiri, ko a ce abin da ya fi wannan.

Wata Laraba ina tsakiyar kitso sai na ji ƙararrawar akuya a zaure. Tsinken kitson ya faɗi daga hannuna. Inna ce ta shigo, hannunta ɗaya a kafaɗarka kana yi mata ja-gora, ɗayan riƙe da ƙunshin kayanka. Ba ta zauna ba.

“Likitan ido na zo gani,” ta ce wa iska. “An ce sai an daɗe ana magani. Ku riƙe mini mijina kafin in warke. Aro ne, ba kyauta ba.”

Na durƙusa na ce, “To, Inna.”

Ta sunkuya ta laluba ƙafarka ta kwance zaren ƙararrawar, ta ƙulle a bakin zaninta. A bakin zaure ta juyo. “Ki gaya ma mai akwati, kanal ba na ubana ba ne, ta zo ta ɗauka. Amma tsohuwar a samo mai haƙora.”

An yi fim ɗin daga baya, gajere ne, wataƙila ka gan shi. Ba shi ne abin da nake so ka riƙe ba. Ka riƙe cewa ka yi kwanaki kana kuka kana kiran Inna, ka ƙi tuwona, ka ce a mai da kai gida. Ka riƙe cewa an yi mata aikin ido ɗaya ya ɗan buɗe, amma ba ta taɓa cewa a maido aronta ba, har Allah ya karɓi abinsa. In mun je gaishe ta, tsakar gidan shiru, ba ta kuma sake yi mini wasa irin na da ba. Da aka zo raba kayanta aka sami zaren ƙararrawar a cikin kwallarta. Yana wurina. Ni na sami barci, ita ta biya. Duk wanda ya ce maka kakarka an ƙwace mata, ka ce masa da ƙafarta ta kawo ka.

Har yau kana ce mini Rakiya, har yau in zan kira ka sai in ce kai, ko in aiki Nana. Na gwada a ɗaki ni kaɗai, harshen ya ƙi. Amma Madam ta ce abin da zuciya ta kasa faɗi a ba hannu ya yi, ido ya gani. In na tashi daga wannan durƙuson, sai in ɓoye takardar har ka girma. In ban tashi ba, ga shi, ka gani da hannuna.

Bashiru.